Mai Dutse Ɗaya a Gadon Ruwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya yi masa iyaka, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya auna wa kowane abu nauyinsa. Bayan haka, ni ne Tunau masaƙin taru, haifaffen Gadon Ruwa, kuma ga labarin shekarar da na bar ruwa na taka ƙasa, da abin da ya fitar da ni, da abin da na komo da shi. Wanda wani abu ya yi wa girma a kunne ya yi haƙuri, ni ma sai da na gani da idona na yarda.

Gadon Ruwa gari ne a tsakiyar Tafkin Shuɗi, a kan wani ƙaton gado na gora da kakanninmu suka ɗaure. Gungume biyar sun miƙe daga gabas zuwa yamma, biyar sun gitta su daga kudu zuwa arewa, biyu kuma sun ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. A kansu akwai gurbi ashirin da biyar, kowane gurbi gida guda. Gidajen na zana ne da ciyawa, maza takwas sa ɗauki guda su sauya masa wuri kafin tuwo ya huce. Nauyin garin a duwatsu yake, kowanne ya kai rago a kwance. Da su ake hana iska tafiya da mu, da su kuma ake ƙirga girma, don ba gida biyu masu duwatsu daidai. Magaji Korau, shugaban gari, yana da ashirin da biyar, na ƙasa da shi ashirin da huɗu, haka har a sauko kan mahaifiyata, wadda take da ɗaya tak.

To, mutum yana son zama kusa da sa'ansa. Shekara da shekaru manya suna ta gusawa gabas, inda hantsi ke fara sauka, ƙanana kuma ana ta tura su baya. Kafin in yi gemu gabas ta nutse, yamma ta ɗaga. Mu da muke kusurwar yamma sai da tsani muke ɗiban ruwa, kuma in kazarmu ta yi ƙwai ba a kula ba, sai a je zauren Magaji a nemo shi. Shi kuwa shekara uku ruwa na kwana a zaurensa, har ƙafafunsa suka yi fari suka tsattsage.

Manya suka zauna shawara, suka fito da hukuncin da ba mai iya yanke irinsa sai mu. Wai kaya ne suka yi wa gari yawa, sai a rage gida ɗaya, kuma tun da za a rage, a rage wanda ba a jin nauyinsa. Ranar da ambaliyar damina ta taɓa zobe na uku a jikin turken da gari ke auna ruwa da shi, za a sare kusurwarmu da gatari. Duk abin da aka saki a tafkin nan Makwarara yake nufa, inda ruwa ke faɗawa wani ramin da ba a taɓa ganin ƙarshensa ba. Aka ce wa Inna ta bar dutsen ta koma cin arziki a wani gida. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haihu, a nan ta wanke mijinta, don haka inda ɗakin ya nufa can ta nufa.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Na tsaya gaban manya na ce ko yaron goye ya san ba a rage wa gefen da ya ɗaga nauyi don gefen da ya nutse ya taso. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta da tsiya, sai ta zama zagi. Magaji ba mugu ba ne, mutum ne da ruwa ya ishe shi. Ya dube ni ya ce in ina da abin da ya fi nasu in kawo kafin zobe na uku, in babu in riƙe bakina.

Da na koma gida na tarar Inna na gyaran kifi kamar ba ita ake magana ba. A nan ta gaya mini kakarta ta taɓa cewa mutanen farko a cakuɗe suke zaune, babba kusa da ƙarami, bisa wani lissafi da suka zo da shi daga tudu, amma ba wanda ya riƙe shi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in ta faɗi magana ba ta janyewa. Washegari na ɗauki ƙunshin busasshen kifi na shiga kwale-kwale.

Kwana bakwai na yi na isa gaɓa. Da na sa ƙafa a ƙasa jiri ya kwashe ni, don ban taɓa tsayawa kan abin da ba ya motsi ba. Kwana uku ina tafiya ina tangaɗi, mutanen hanya na kauce mini suna zaton na sha wani abu. Duk wanda na tambaya lissafin zama sai ya nuna mini gaba don ya rabu da ni, har na fito wata ƙasa fara fat, ba itace ba ciyawa. Gishiri ne ya yi ɓawo a kan baƙin taɓo, in ka taka da ƙarfi sai ka ji yana ƙara a ƙarƙashinka.

A tsakiyar wannan farin fili na sami wata tsohuwa ana ce mata Iya Tabawa, tana kiwon jiminu masu tsawon raƙumi. Garke tara gare ta: jimina ɗaya mai kiwo ita kaɗai, garke mai biyu, mai uku, har zuwa mai tara, kuma ba garken da ke yarda a raba shi ko a gama shi da wani. Tana da shinge tara, uku-uku a jere, inda suke shiga in rana ta yi sanyi. Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ba ta koyarwa, amma bayanta na ciwo, in na shigar mata da jiminun yau za ta ba ni tuwo. Ta ƙara da cewa in kula, ɓawon nan ba ya son a fifita wani layi a kan wani.

Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Na kora garke mai tara tsakiya, don ina ganin babba can ya dace, na jera sauran yadda suka zo. Ban gama rufe shinge ba ƙasa ta tsage, na zurma cikin taɓo har ƙugu, jiminu suka watse, ɗaya ta bar mini shaidar ƙafarta a kafaɗa. Iya Tabawa ta miƙo mini sandarta tana dariya har da hawaye.

"Kai ɗan nan, duk garinku haka kuke? Ka ga babba sai ka rasa inda za ka ajiye shi sai kan kowa."

Kwana huɗu ina faɗawa taɓo tana ciro ni. A rana ta biyar ta ji tausayina, ta zaunar da ni, ta tona gurbi tara a ƙasa kamar na dara, ta zube tsakuwa. Ta ce in ƙirga jiminun duka. Na ce arba'in da biyar. Ta ce sahu nawa ne? Na ce uku. Ta ce to kowane sahu nawa zai ɗauka in ba a cuci kowa ba? Na ce goma sha biyar, kunya ta rufe ni, don abin a gaban hancina yake. Sannan ta sa yatsa a gurbin tsakiya, ta nuna mini layi huɗu ne ke bi ta kansa: na tsaye, na kwance, da biyu na karkace. In ka sa tara a nan, ina za ka kai takwas? Duk inda ta zauna layinsu ya haura sha biyar tun ba a sa na uku ba. In ka sa ɗaya, biyu ta rasa abokin da zai cike mata. Tsakiya ta matsakaici ce, wato biyar, sauran kuma su fuskanci juna ta kansa, goma-goma: ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida.

Da yammacin nan na jera su: takwas, ɗaya, shida a sahun gaba, uku, biyar, bakwai a tsakiya, huɗu, tara, biyu a baya. Na bi layi takwas ɗin da ƙafa ina ƙirgawa, kowanne sha biyar, ɓawon gishiri ko ƙyas bai yi ba. Iya Tabawa ta ce malamai na kiran wannan hatimi, ita dai shingen jimina ta sani.

Na yi murna har na ci tuwo malmala huɗu, sannan na tuna garinmu ba gida tara ba ne. Na zauna da tsakuwa na tara ɗaya zuwa ashirin da biyar, na sami ɗari uku da ashirin da biyar, na raba biyar, kowane gungume sittin da biyar, tsakiya kuma sha uku. Amma sanin jimla daban, jerawa daban. In na gyara wannan layi sai wancan ya ɓaci. Tsohuwar ta ce in na ce da lalube zan yi, jikokina ma ba za su gama ba. Ta ce in bi faɗuwar rana kwana tara zan ga Birnin Komo, can ake taka wannan lissafi da ƙafa, sai dai ita ba ta taɓa ganin wanda ya shiga ya fito ba.

Birnin Komo murabba'i ne, unguwa ashirin da biyar, biyar-biyar a jere, kowane titi da ƙofarsa a jikin ganuwa. Na shiga ba wanda ya tare ni. Na yini ina tambaya ba wanda ya san wani lissafi, na yi fushi na ce bari in koma. Na fita ta wata ƙofar gabas, sai ga ni ina shigowa ta ƙofar yamma, a kan titin nan dai. Na ruga ta kudu, na ɓullo ta arewa. Ƙofa ashirin na gwada, har masu sayar da goro suka fara yi mini sannu da zuwa suna ƙunshe dariya. Akwai baƙi irina da yawa a birnin, wasu sun yi furfura, sun yi aure, sun manta abin da ya kawo su. Ɗayansu ya ce mini an dai ce birnin ba ya sakin wanda bai gaishe shi bisa tsari ba, amma tsarin ne ba wanda ya sani.

Kwana goma sha biyu na yi a haka. Rannan da safe na ɗaga kai na ga shamuwa sun wuce, alamar damina ta kusa, sai na tuna da zobe na uku. Na zauna bakin titi na haɗa kai da gwiwa, ina ganin Inna a ɗakinta da gatari a bakin ƙofa. Ina nan zaune wata mata ta wuce da kaskon garwashi a ka, ta ce in ba ni da aikin yi sai kuka, in zo in taya ta ɗauka.

Sunanta Hansai, ita ce mai rabon wuta. A birnin nan ba a kwana da wuta, kowace safiya ita ke kai wa unguwanni garwashi, kuma baƙi ba sa kula ta don hayaƙi da toka. Na ɗauki kaskon don in huce haushi, ba don ina tsammanin kome ba. Ta fara da unguwarsu, wadda ke tsakiyar sahun gabas, ta ajiye garwashi ɗaya. Sannan ta fuskanci gabas ta bi wani lungu da ya karkata gaba da dama. Ya fitar da mu ganuwa, muka ɓullo a sahun yamma, titi ɗaya zuwa dama, ta ajiye biyu. Gaba da dama kuma, ta ajiye uku. Gaba da dama, muka fita ta kudu muka shigo ta arewa, huɗu. Gaba da dama, biyar. Daga nan lungun ya nufi unguwar da muka fara, hayaƙi na tashi a cikinta. Hansai ba ta shiga ba, ta ja da baya unguwa ɗaya daga inda muke tsaye, ta ajiye shida, ta ci gaba da gaba da dama.

Na tambaye ta dalilin wannan tafiya ta kaguwa. Ta ce ita ba ta san dalili ba, haka uwarta ta koya mata: gaba da dama, in ganuwa ta fitar da kai ka karɓi inda ta mayar da kai, in ka hangi hayaƙi a gabanka ka ja baya ɗaya. Da muka ajiye sha uku na duba, sai na ga a cibiyar birni muke. Na ja na tsaya. Na fara zana gurabe a bayan kaskon da gawayi, ina sa lamba duk inda muka tsaya. Sau huɗu muka ja baya, bayan biyar, bayan goma, bayan sha biyar, bayan ashirin. Da la'asar muka ajiye ashirin da biyar a tsakiyar sahun yamma, ba unguwar da aka tsallake, ba wadda aka taka sau biyu. Na tara sahun gabas: sha bakwai, ashirin da huɗu, ɗaya, takwas, sha biyar. Sittin da biyar. Na tara na tsakiya daga gabas zuwa yamma: ɗaya, bakwai, sha uku, sha tara, ashirin da biyar. Sittin da biyar. Na karkace ma haka. Sai na zauna a ƙasa na yi ta dariya, Hansai na kallona tana cewa ta san hayaƙin nan wata rana sai ya taɓa wani.

Da na gane wannan ita ce gaisuwar da birnin ke so, na nufi ƙofar da ke gabanmu da sauri, na ɓullo ta gabas kamar kullum. Ashe da rana, tsakanin unguwa ta sha shida da ta sha bakwai, ƙamshin waina ya ja ni na leƙa wata unguwa da muka riga muka wuce. Cikina ya ci mini kwana guda cur, kuma har yau ban yafe wa waina ba. Washegari na bi Hansai da azumi, idona a kan diddigenta. Da muka gama na roƙe ta ta zo mu fita tare. Ta ce in ta tafi wa zai kai musu wuta? Na yi mata godiya, na sa kai ta ƙofar yamma, sai na ji gishiri na ƙara a ƙarƙashin ƙafata, birnin ya sake ni.

Ban tsaya ko'ina ba sai gaishe da Iya Tabawa a tsaitsaye. Ruwan sama ya bi ni har gaɓa. Ranar da na hango Gadon Ruwa, ambaliya ta rufe zobe na biyu, kusurwarmu ta yi sama kamar gindin kwale-kwalen da aka cika wa gaba, Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta dube ni ta ce na rame, ta tambaya ko na samo. Na ce na samo. Ta ce to wannan karon in yi magana kamar ɗan mutane.

Na bi shawararta. Na durƙusa gaban Magaji, na ɗaure ɗan gado na kara na ɗora a ruwa, na jera tsakuwa yadda muke zaune, ya kife. Na jera uku-uku yadda Iya Tabawa ta koya mini, ya zauna daram. Na ce irin wannan za a yi da gari, amma sai an sauke duwatsu duka cikin jirage, a mayar da su gida-gida daga ƙarami zuwa babba. Ban nuna masa zanen ashirin da biyar ba, shi kuma bai tambaya ba, don bai taɓa kawowa a ransa akwai lissafin da zai ajiye shi wani wuri ban da gaba ko tsakiya ba. Ruwa na wasa da gefen buzunsa ya ce a yi.

Kwana biyar muka yi muna aiki. Da na ce a kai dutsen Inna tsakiyar sahun gabas, gurbin Magaji kansa, kowa ya juya ya dube shi. Magaji ya yi murmushi, yana ganin tsakiyar gari aka tanadar masa. A rana ta uku tsakiyar ta faɗa wa Nomau mai ɗinkin koma, mai dutse sha uku, mutumin da ko a taron suna ake manta an gayyace shi. Shi kansa sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake. Magaji ya kira ni ya tambayi ina nasa gurbin, na ce saura, ranka ya daɗe. Gurabe suna ta cikewa yana ƙirga waɗanda suka rage, fuskarsa na ƙara ɗaurewa, har ya zama saura ɗaya: tsakiyar sahun yamma, bayan gari, inda mata ke wanke tukwane.

Aka ɗora dutse na ashirin da biyar daidai lokacin da ruwa ya taɓa zobe na uku. Garin ya yi wata doguwar ƙara, ya gyara zama, ya miƙe. Ambaliya ta kai maƙura, tsakanin ruwa da bakin gado bai fi faɗin yatsa ba, amma faɗin yatsan nan ɗaya ne ta kowane gefe. Tsofaffi suka riƙa tafiya suna dafa juna, don ƙafafunsu sun saba da gangara. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na ɗauka magana ta ƙare.

Magaji ya tsaya a sabuwar ƙofarsa, tsakanin mai dutse sha takwas da mai dutse biyu, ya dubi tukwanen da ke kife a gefensa. Sannan ya ce ya gode, gari ya miƙe, amma hukuncin manya ba ya faɗuwa ƙasa. An ce za a rage gida ɗaya in ruwa ya taɓa zobe na uku, ga shi ya taɓa. Dutse ɗaya ba ya ɗaga gari ba ya nutsar da shi, don haka a cire mai dutse ɗaya daga gabas. Ya aika a ɗauko gatari.

Na buɗe baki zan yi irin tawa, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ɗaura gyalenta, ta fito tsakar gari a hankali.

"Ba sai an wahalar da gatari ba. Tunau, mirgina mini dutsena cikin jirgi."

Na ce Inna. Ta dube ni kallo ɗaya. Ni da Nomau da wasu biyu muka mirgina dutsen, hawaye na zuba ban damu da wa ya gani ba. Ta shiga ta zauna a kansa, ta ɗauki sandar tuƙi, ta tura jirgin ta nufi inda ruwa ke ja zuwa Makwarara. Ba ta waiwayo ba.

Ba a ji ƙara ba, ba a ga girgiza ba. Gabas ta ɗan ɗaga kaɗan, yamma ta ɗan sunkuya, faɗin yatsan nan ya shafe. Ruwa ya hau bakin gado ta bayan gari, ya silalo ta ƙofar Magaji, ya jiƙa buzunsa, ya kewaye tsattsagaggun ƙafafunsa. Ya sunkuya ya dubi ruwan. Na gaya masa, a hankali wannan karon, cewa gungumen da yake kai shi ne wanda take kai, ita a wancan bakin shi a wannan, kuma yanzu sittin da huɗu ne.

Ya ruga gabas da rigarsa a hannu, ya tsaya bakin ruwa ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tsaya. Ya juya ya tambayi na kusa da shi sunanta. Mai ashirin da huɗu ya dubi mai ashirin da uku, shi kuma ya dubi sama. Shekara arba'in tana garin nan, ba wanda ya sani a cikinsu. Ƙananan gidaje sun sani, amma kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa, Nomau kuwa ya duƙufa kan wata koma da ba ta yage ba. Magaji ya juyo kaina.

"Tunau, yaya sunanta? Yi sauri."

"Ranka ya daɗe, uwata ce fa. Da wane bakin zan kama sunanta?"

Jirginta na ƙara nisa, ruwan ya fara jansa da kansa. Magaji ya dubi jama'a, ya dubi jirgin, ya tuɓe rawaninsa ya miƙa wa na kusa, ya faɗa wani kwale-kwale shi kaɗai. Shekara talatin rabonsa da tuƙi, sai da ya yi juyi biyu a wuri ɗaya kafin ya miƙe. Muna tsaye muna kallo har ya cim mata gab da inda ruwa ke fara fari. Muka ga ya kama gefen jirginta, muka ga ya durƙusa a cikin nasa. Ba mu ji abin da suka faɗa ba, amma ta bar shi a durƙushe ya fi yadda ake bukata.

Da suka juyo, shi ke tuƙi, ita tana zaune kan dutsenta tana gyara gyale. Shi da kansa ya sa kafaɗa aka mirgina dutsen gurbinsa, ruwa ya janye daga bayan gari, aka mayar da gatari inda aka ɗauko shi. Tun daga ranar, kowace safiya Magaji Korau kan taso daga yamma, ya wuce mai sha tara, ya wuce Nomau, ya wuce mai bakwai, ya tsaya ƙofar Inna ya gaishe ta da sunanta, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ni kuwa in na hango shi tafe sai in shige ɗaki in toshe kunne.

Iyakar abin da na gani ke nan, Allah shi ne masanin abin da ya ɓace mini. Lissafin na ba ku shi duka, wanda ya so ya tona gurabe a ƙasa ya gwada. Sunan dai kada ku tambaye ni.